Ganyen Jikin Katangar Gwaggo

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan takardar nan za ta same ki lafiya. Yaya gwiwar, ta sassauta kuwa? Kunnen fa? Na kira wayarki har na gaji. Da kika ɗauka, ni ina ta gaisuwa ke kina ta tambayar wa ke magana, sai na ce gara in koma biro da takarda. Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ki.

Na san ba mu saba sosai ba. Kakanku ɗaya da Baba, amma sai bara, bayan rasuwarsa, na fara taka gidanki. Kin tuna ranar da zan tafi na roƙe ki ganyen nan mai kauri, mai ƙaya a gefe, wanda kuke ce wa Ɗan Katanga? Kika ce in kwashe duka ma in raba ki da shi. To, a kansa na rubuto.

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a shi ne haɗa abin rufe miki. Muna tatso yauƙin da ke cikin ganye, mu tace, mu haɗa shi har ya daskare ya zama faifai mai taushi, garai-garai, mai sanyi a hannu. Jel muke ce masa. In an ɗora shi a kan ƙuna ko gyambo yana riƙe danshi, ba ya manne wa nama, kuma ana ganin mikin ta cikinsa ba sai an buɗe ba. In an gama da shi ruɓewa yake ya koma ƙasa, ba kamar auduga da robar da asibiti ke tarawa ana ƙonewa ba.

Ga yadda muke gane mai ƙarfi. Muna raya ƙwayoyin cuta a ɗan farantin gilashi, mu ɗora guntun jel a tsakiya. In yana da ƙarfi, sai a ga fili kewaye da shi kamar zobe, ƙwayoyin sun kasa matsowa. Na gwada ganyen wurare da yawa, na lambu da na kasuwa. Babu wanda zobensa ya kama ƙafar naki.

Akwai kwamitin da ke ba da izinin a gwada irin wannan a jikin marasa lafiya. Zai zauna ƙarshen shekara, kuma wannan ce dama ta ƙarshe da aka ba aikina. So suke su ga kowane zubi yana ba da sakamako iri ɗaya. In na kasa nuna haka za a rufe aikin, shekarun da na ɓata a kansa su tafi a banza. Amma ba na ko shakka, Gwaggo, muddin ganyenki na zuwa.

Direban motar kaya da ya kawo miki wannan yana bin hanyarku kullum. Don Allah ki yanko min da sassafe, ki naɗe a jarida, ki cika kwali ki ba shi.

Ɗiyarki.

Ɗiyata likitar ganye,

Na amsa gaisuwarki, na kuma gode. Ki gaishe min da Innarki. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, in na zauna ta yi shiru, in na tashi ta fara ƙorafi. Kunne kuwa ba laifinsa ba ne, wayoyin yanzu ne ba sa magana da ƙarfi. Kada ki yi mamakin ganin rubutun tafireta. Da ita na ci abinci a ofis har na yi ritaya, kuma har gobe yatsuna sun fi biro sauri.

Da na gama karanta takardarki sai na fita tsakar gida na tsaya ina kallon Ɗan Katanga. Yo wannan abin? Marigayi maigidana ne ya ciro shi daga wani gwangwani ya soka a nan shekarar da muka tare, tun daga ranar babu wanda ya ƙara bi ta kansa. Rana ta gasa shi, katanga ta tare masa ruwan sama, ƙasar wurin duk tsakuwa ce da ɓaraguzan siminti. Ko akuya ta shigo sai ta shinshina ta wuce. Sau nawa ina cewa zan sa a tumɓuke shi in samu wurin shanya. Ashe da ɗan boko nake zaune ban sani ba.

Ga kwali nan. Direban ya tambaye ni me ke ciki, na ce masa kayan jami'a ne, ya ɗora shi gaba kusa da shi, kada ya kuskura ya sa buhu a kai. Ya kalle ni ya kalli kwalin, ya ce to Hajiya.

Da babanki na raye, da unguwa ba ta huta da cika bakinsa ba. Zancen kwamiti kuwa ki kwantar da hankalinki. Ke ki riƙe gilasanki, ki bar min ɓangaren ganye. Tunda yanzu na san darajarsa, za ki ga aiki.

Gwaggonki.

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na ji daɗin labarin gwiwa, amma ba likita ba ce ni, kada ki sa a kama ni.

Kwali ya iso lafiya, ganye ko ɗaya bai ƙuje ba. Zoben ya fito fes, daidai da na farko. Farfesan da ke duba aikina mutum ne da ba a gane farin cikinsa a fuska. Ya ɗaga farantin ya kai shi jikin taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan gwaggon taki, Allah ya ja kwananta." A wurinsa wannan guɗa ce.

Jiya na shiga ɗakin masu ƙuna a asibitin koyarwa, don in ga yadda ake wanke miki. Akwai wata mata da ruwan zafi ya zube wa a cinya. Tun kafin a taɓa ta, da ta ji ƙarar keken kayan wanke miki daga bakin ƙofa, ta fara damƙe ƙarfen gado. Audugar ta bushe ta manne, sai an jiƙa ana ja a hankali, duk da haka tana tahowa da sabuwar fatar da ta fara tsirowa. Ma'aikaciyar jinyar da ke wanke mata ta ce min, "Kullum sai mun ɓata rabin abin da jiki ya gyara. Ku masu gilashi ku yi sauri mana." Na ce mata muna tafe. Na fita na tsaya a baranda, raina duk a jagule, amma na ƙara jin cewa ba wasa nake yi ba.

Wannan kwalin zai riƙe ni watanni. In ya kusa ƙarewa zan aiko direba, kuma na gaba shi ne wanda zan shiga da shi gaban kwamiti.

Ɗiyarki.

Likitar ganye,

Lafiya muke, alhamdu lillahi. Yayanki, ɗan nan nawa da ke aiki a nesa, ya aiko min da sabuwar waya. Na gode masa na sa ta a durowa.

Direba ya ce lokaci ya yi, to ga kwali. Sai da ya kira yaron motarsa suka kama masa. Ba zan ce miki komai ba, ki buɗe da hannunki. In kin taɓa ganin ganye irin wannan a littattafanku, ki rubuto ki faɗa min. Kowanne ya kai damtsena, kore shar, yana sheƙi. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce wannan ai sai a kai shi gasa.

Ki gaya wa farfesanku ya shirya wata addu'ar, wadda ta fi ta farko tsawo.

Gwaggonki.

Gwaggo,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan, direba na jira.

Ganyen bai yi ba. Yauƙin tsararo ne kamar ruwa, jel ɗin ya ƙi daskarewa, wanda ya daskare kuma babu zobe ko kaɗan. Don Allah ki gaya min, wannan na jikin katangarki ne kuwa? Ko an samo shi wani wuri, ko sayowa aka yi aka cika kwalin? Ina bukatar amsa da gaggawa.

Ɗiyarki.

Gwaggo,

Ina sake gaishe ki. Ina fata lafiya, don shirun ya fara damuna. Direba ya je ya dawo har na daina lissafi, kullum hannu rabbana. Ya ce yana ganinki a ƙofar gida, kina amsa gaisuwarsa, amma da ya ambaci takarda sai ki ce ba ki da saƙo. Hankalina ya kwanta da jin kina tsaye da ƙafarki. Ya kuma tashi da sanin cewa ni kike yi wa shirun.

Na duba komai a nan. Na sauya sinadarai, na wanke kowace kwalba, na sa an gwada ma'auni, na roƙi wata abokiyar aikina ta haɗa da hannunta ko nawa ne ya lalace. Duk ɗaya. Ɗan ragowar ganyen farko da ke firji na haɗa, zobe ya fito. Sabon kuwa babu. Laifin ba a ɗakin nan yake ba, kuma ban san inda yake ba.

Farfesa ya kira ni ofis. Ya ce, "Gara ki janye da kanki da a kore ki a gaban mutane." Na ce masa ba zan janye ba. Ya ce da me zan shiga? Na ce da ganyen gwaggona. Ya cire tabarau ya murza ido.

Na faɗa masa haka ne don na yarda da ke, na kuma yarda da abin da idona ya gani a farantin nan. Amma lokaci yana tafiya. In wani abu na yi, ki faɗa min, ko da zagi ne ki buga a tafiretar zan karanta.

Ɗiyarki.

Ke 'yar nan,

Lafiyata ƙalau, tunda kin tambaya. Na so in ci gaba da shiruna, amma bakina bai saba ba.

Sayowa? Ni? Shekara da shekaru ina buga takardun mutane, ko waƙafi ban taɓa ƙara wa wani ba, sai yau 'yar cikina za ta tambaye ni ko na yi mata algus a kwalin ganye. Na karanta layin nan a tsaye, sai da na nemi kujera. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

To, bari ki ji abin da aka yi wa ganyen da kike zargi. Tun ranar da na san darajarsa na ce ba zai ƙara kwana cikin tsakuwa ba. Da wannan gwiwar na durƙusa na tone shi saiwa-saiwa. Na zaɓi manya masu kyau, ƙananan nan masu rama da jan baki na watsar da su. Na sa aka kawo min baƙar ƙasa daga lambu, na cuɗa da taki, na dasa su a manyan tukwane. Na jera su a baranda inda rana ba ta dukansu. Ruwa safe da yamma, ko da famfo ya ɗauke, na gwammace in rage na wankana. Ganye-ganye nake goge musu ƙura da tsumma. An yi suna a gidan ƙanwata ban kwana ba, na ce ina da marasa lafiya a gida, alhali tukwanen nan nake nufi. Ɗan da na haifa bai ga wannan gatan ba.

Sai ga shi sun yi ɓulɓul, na cika kwali ina murna, ina jiran takardar yabo. Abin da na samu shi ne layi huɗu da tambayar ko sayowa na yi.

In kayan aikinku ne suka tsufa, ku gyara. Ganyena dai babu abin da ya rasa a duniyar nan.

Gwaggonki, ko kin so ko kin ƙi.

Gwaggona,

Na durƙusa har ƙasa, ki yafe min. Wallahi ban zarge ki ba. Na ɗauka ko ganyen ne ya ƙare, wani ya taimaka miki ya samo a wani gida. Amma na sake tuna yadda na rubuta layin, kuma in ni aka aiko wa haka, da na fi ki fushi. Gaggawa ce ta cinye min ladabi.

Yanzu kuma ki zauna, don zan faɗa miki abin da ya sa na yi dariya har da hawaye a gaban abokan aiki. Takardar fushinki ta warware abin da ya gagare mu. Kin ce ganyenki babu abin da ya rasa. To, matsalar ke nan. Irin wannan tsiro, in yana cikin ƙishi da rana, yauƙinsa kauri yake yi don ya riƙe ɗan ruwan da ya samu, yana kuma tara abubuwan da yake kare kansa da su. Su nake nema. Da kika ba shi inuwa da taki da ruwa safe da yamma, sai ya miƙe ƙafa ya daina wahalar da kansa. Ya yi ƙiba, cikinsa duk ruwa. Na lambu da na kasuwa da suka kasa, yanzu na gane dalili, su ma 'yan gata ne.

Ni ya kamata tun farko in ce miki kada ki taɓa shi. Ban yi zaton akwai wanda zai so ni har ya rage ruwan wankansa saboda aikina ba. Wannan kam ban san yadda zan gode miki ba.

Ki fitar da tukwanen rana, ki daina ba su ruwa. Sai dai ina tsoron ba za su koma yadda suke ba kafin kwamiti ya zauna, abin yana cin lokaci. Shi ya sa wata magana a takardarki ta tsaya min a rai. Ƙananan nan masu rama da jan baki, da kika ce kin watsar, ina kika watsa su?

Ɗiyarki mai neman gafara.

Likitar ganye,

Na yafe. Amma ki sani na yi kwana biyu ban yarda da bayaninki ba. A ce gata ne ya ɓata shi? Sai na tuna wasu 'ya'yan da na sani, na ce to, ba a kansa aka fara ba.

Ƙananan nan ta bayan katanga na wurga su. Ke ba ki zaga can ba, garejin wani bakanike ne, inda yake tara tsofaffin tayoyi da ƙarafa. Na ɗauki sandata na zaga. Na same shi ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na yi sallama, ya fito yana goge hannu.

Na ce, "Malam, kwanaki na wurgo wani ganye ta nan."

Ya ce, "Au, ke ce? Hajiya, har a kaina ɗaya ya sauka. Na ɗauka yara ne."

Na ce masa ya yi haƙuri, zuwa na yi in kwashe kayana. Ya ce ai tuni suka zama 'yan gida. Ya kai ni bayan tayoyin. Ɗiyata, suna nan. Sun kama ƙasa da kansu cikin tsakuwa, rana na dukansu tun safe, babu wanda ya taɓa ɗiga musu ruwa. Sun ƙara rama, bakinsu ya ƙara ja, munana kamar ranar da na jefar da su. Na karya ɗaya, yauƙin ya biyo yatsana yana ja, ya ƙi tsinkewa. Na duba na ga babu baƙin mai a gefen da suke, don na san za ki tambaya. Na kuma ɗebo miki ƙasar wurin a leda ki gwada da kanki.

Bakaniken ya ce, "Wai me za a yi da wannan abin?" Na ce jami'a ce ke nema. Ya ce in dai jami'a na son abin da ke bayan garejinsa, yana da tayoyi ma. Shi ya riƙe min kwali ina yanka. Na bar saiwoyin da ƙananan ganye, ban yi musu ƙarƙaf ba. Na gargaɗe shi kada ya kuskura ya ba su ruwa. Ya ce shi da kansa bai sha ba tun safe.

Kwalin bai cika ba, kuma kunyar ba direba na ji, don da hannu ɗaya ya ɗauka. Amma ki haɗa, zai yi. Na taɓa yauƙin da hannuna, na san shi.

Na tukwane kuwa na fitar da su rana yadda kika ce. Wannan ya fi min komai wuya. Ina zaune ina kallonsu suna yaushi, buta tana kusa da ƙafata. Jiya sai da na kai ta ɗaki na rufe ƙofa.

Gwaggonki.

Gwaggo,

Gaisuwa mai tarin yawa. Na yi shiru ne don ban so in rubuto da rabin labari.

Ya yi. Zoben ya fito daidai da na farko, zubi bayan zubi, ƙasar da kika aiko ma tsaf take. Na shiga gaban kwamiti da farantan duka, har da waɗanda suka ƙi, na jera su a tebur. Na ba su labarin yadda aka yi tun daga tsakuwa har baranda. Wata dattijuwa a cikinsu ta yi dariya har ta cire tabarau. Shugaban ya ce wannan kuskuren ya fi masa sauran bayanan amfani, don yanzu an san abin da ke ba jel ɗin ƙarfi da abin da ke kashe shi. Sun ba da izini, Gwaggo. Za a fara gwadawa a jikin mutane kaɗan, a ɗakin masu ƙuna, likitoci na sa ido. Aikina ya tsira.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma na daɗe ina juya biro kafin in rubuta shi. Sun ce abin da za a ɗora wa mutum a miki ba zai fito daga gidan kowa ba, balle bayan gareji. Dole a shuka shi a gonar jami'a, a fili mai shinge, a auna ruwan da ake ba shi da hasken ranar da yake samu, kowane ganye a san tarihinsa. Na so in yi musu, amma gaskiyarsu ce, mu biyu mun ga dalili.

Don haka abin da nake roƙo yanzu shi ne saiwoyin nan na garejin, duka, su za su zama iri. Daga su kuma ba sauran kwali. Ke kika riƙe aikin nan da gwiwa mai ciwo, ga shi ranar da ya yi nasara nake ce miki an gama da ɓangarenki. Ban ji daɗin rubuta wannan ba ko kaɗan.

Na tukwanen ba a bukatarsu kuma. Naki ne, ki yi yadda kike so da su.

Ɗiyarki.

Ɗiyata,

Alhamdu lillahi. Na karanta farkon takardarki na fita ƙofar gida na gaya wa duk wanda ya wuce, har da waɗanda ban sani ba. Allah ya sa albarka, ya sa masu ciwo su samu sauƙi ta hannunki. Dama na ce miki zai yi.

Ƙarshenta kuwa a ɗaki na karanta. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji babu daɗi. Kafin takardarki ta farko, kwanakina duk kamarsu ɗaya, in share tsakar gida, in zauna, in jira magariba. Ganyen nan ya sa na koma mai aiki, ina tashi da abin yi, ina sauraron ƙarar mota. Amma kwamitinku bai yi laifi ba. Matar da ta kusa kashe aiki da buta ba a bar mata gona. Ni ma da ni ce shugaba haka zan yanke.

Ga saiwoyin nan, ni da bakanike muka tone su, ko ɗaya ba mu bari ba. Ya ce a gaya wa jami'a shi ya raine su. Ki gaya wa masu gonar su riƙe hannunsu, in sun ga sun rame kada tausayi ya kama su.

Na tukwane kuwa, ina gama karatu na buɗe ɗaki na ɗauko butata. Na mayar da su inuwa, na ba su ruwa har ya zubo ta ƙasa. Ba za su warkar da kowa ba, su yi ta ƙibarsu.

Da direba ya ɗauki kwalin ya ce, "To Hajiya, an ce wannan ne na ƙarshe, sai wata rana ke nan." Na ce masa wa ya gaya maka? Ambulan ba ya cin wuri a mota. Ya ci gaba da tsayawa a ƙofata yadda ya saba.

Ba ni da sauran ganyen da zan ba ki, sai surutu, shi kuwa ina da shi da yawa. Ke ma ki nemo abin da za ki riƙa rubuto min. Ki ba direba amsar wannan ya taho da ita.

Gwaggonki.